Na ɗauka tsohon ciwona ne ya dawo

Assalamu alaikum. Ni malamar makarantar firamare ce a nan Maradi, matar aure, uwar yara biyu. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan kuma ambaci sunan kowa ba. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan labari, domin akwai wurin da kuskuren nawa ne, kuma ba shi da daɗin faɗa. Abin da ya sa na daure shi ne wata baiwar Allah da na tarar a layin ganin likita watan jiya, mai ciwo irin nawa, wato lupus. Na ji tana gaya wa ta kusa da ita cewa ita in jikinta ya motsa ba ta wahalar da kanta da zuwa asibiti, ƙwaya biyu take ƙarawa a kan abin da aka rubuta mata, shi ke nan. Gabana ya faɗi. Wannan magana na taɓa yin ta da bakina.

A Bagalam aka haife ni, kuma na tashi da ƙoshin lafiya. In ban da masassarar damina, ban san kwanciya ba. Bayan haihuwata ta fari ne abubuwa suka fara canzawa. Da safe yatsuna su sandare, alli ma sai na yi da gaske nake riƙe shi. Gashina ya riƙa zuba, duk kitson da aka tsefe sai a tara dunƙule. Bakina ya yi gyambo ta ciki. Sai wani tabo ya fito mini a kumatu biyu, ya haɗe ta kan karan hanci, in na sha rana ya ƙara baƙi ya yi zafi. Wasu suka ce man shafe-shafe nake yi a ɓoye, ni da ban taɓa saya ba. Wasu suka ce sanyin ƙashi ne, wasu suka ce sammu. Na sha rubutu, na sha saiwa, na yi hayaƙi. An yi mini gwajin emasi, wato sikila, har sau biyu. Na yi ɓari sau ɗaya a cikin wannan hali.

Sai da na kusa shekara 3 ina wannan yawo kafin wani likita ya dubi fuskata da kyau, ya tambaye ni ko rana na dame ni, ya sa aka aika jinina Yamai. Sakamako ya dawo da sunan da ban taɓa ji ba: lupus. Ya yi mini bayani cewa garkuwar jiki, wadda Allah Ya yi ta don ta yaƙi cuta, ita ce ta rikice ta juyo tana yaƙar mai ita: fata, gaɓoɓi, ƙoda, jini, wani lokaci har zuciya. Ya ce cikin masu wannan ciwo 10, kusan 9 mata ne, yawanci a shekarun haihuwa, kuma ya fi tsananta ga baƙar fata. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba a kuma warkewa kwata-kwata, sai dai a lallaɓa shi ya kwanta.

Aka ɗora ni a kan Plaquenil, wanda ɗan uwan nibakin ne da muka sani tun muna yara, da firednizon, wanda mu masu sha muke ce wa kortizon. Daga baya aka ƙara Imurel saboda ƙodata ta fara zubar da abin da bai kamata ba. Ranar da na fara kortizon ba zan manta ba. Cikin kwana 3 na tashi na yi shara, na yi wanki, na dama fura da hannuna. Fuskata ta cika, mutane suna ta yi mini barka wai na murje. Tun daga nan na ba wannan 'yar farar ƙwaya amanar da ta wuce kima.

A 2020, lokacin korona, Plaquenil ya yi wuyar samu saboda duniya ta ruɗe a kansa, na yi makonni ban sha ba. Ciwon ya tashi, ya taɓa ni a ƙirji. Wani suka nake ji a tsakiyar ƙirji, in na kwanta rigingine ya ƙaru, in na zauna na sunkuya gaba ya lafa. Likita ya ce rigar zuciya ce ta kumbura, wato jakar nan mai ninki biyu da zuciya ke zaune a ciki, kuma wannan abu ne da aka saba gani ga masu lupus. Ya ɗaga mini kortizon daga ƙwaya 2 zuwa 6 a rana, na miligiram 5, ya riƙa ragewa a hankali. Mako bai cika ba na miƙe. Sai na riƙe wannan a raina kamar karatu: ciwon ƙirji, ƙwaya 6.

Damina ta 2023 kowa a Maradi ya san yadda ta zo mana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, kaya suka yi tsada. Maigidana ta hanyar Jibiya yake sarin kayan shagonsa, sai ga shi zaune yana kallon kanta tana ƙarewa. A cikin wannan zafi da gumi ne maruru ya fito mini a hammatar hagu. Maruru ne kawai, irin wanda kowa ke yi. Na gasa shi da tsumma da ruwan zafi kwana biyu, da ya nuna na ƙona allurar ɗinki a wuta na tsaga bakinsa, ƙanwata ta matse mini. Ya zubar, ya bushe, na manta da shi.

Bayan kamar mako 3 sai na fara jin kasala da ɗan zazzaɓi na yamma, ba mai zafi sosai ba. Watan Agusta ne, gida-gida ana masassara, don haka na sayi maganin zazzaɓin sauro na sha. Ban ji sauƙi ba. Na karɓi kafso na kwana biyu wurin masu tallan magani a tire. Sannan sukan ƙirji ya zo, daidai wurin da ya taɓa zuwa, daidai yadda ya taɓa zuwa.

A nan ne na yanke shawarar da har yau nake juya ta a raina. Na zauna bakin gado da kwalin magani a hannu, na yi lissafi. Ganin likita kuɗi, analiz ɗin jini kuɗi, eko (hoton zuciya na na'ura) kuɗi, ga rantire ta matso, yara na bukatar kayan makaranta, ga maigida ko barcin kirki ba ya yi don tunani. Na ce wa kaina ai na san wannan ciwo, shekara nawa muna tare, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ɓallo ƙwaya 6 na haɗiye. Ban gaya wa kowa ba.

Abin da ya fi cutar da ni shi ne na ji sauƙi. Kwana biyu zazzaɓin ya ɗauke, sukan ya ragu, har na shiga kicin. Na gode wa Allah, na ƙara yarda da dabarata. Ashe kortizon ɗin ya rufe bakin jikina ne kawai, ya hana shi kuka, abin da ke ci yana ta ci a ciki.

A kwana na biyar numfashi ya fara yi mini wuya. Daga ɗaki zuwa bayi sai na tsaya na dafa bango. A salla, ruku'u ne kaɗai wurin da nake samun sarari, har nakan daɗe a sunkuye ba don na gama tasbihi ba. Kwanciya ta gagara. Na sa aka kifa mini turmi a tsakar ɗaki, na ɗora matashi a kai, na zauna a tabarma na rungume shi, haka nake kwana. Ƙafafuna suka kumbura. Na ƙara ƙwaya 2, suka zama 8.

Daren da abin ya kai maƙura babu wuta, garin ya yi ɗif, hadari ya haɗu bai zubar ba. Maigida ya haska ni da fitilar waya, ya daɗe yana kallon wuyana. Ya ce, "Maman yara, jijiyoyin wuyanki sun tashi kamar igiya." Ya taɓa hannuna ya ji sanyi ƙalau, ga gumi yana tsiyaya. Na ce masa mu bari gari ya waye. Ya ce wallahi ba za mu bari ba. Ya fita cikin duhu ya buga wa maƙwabcinmu mai adaidaita ƙofa. A hanya kowane rami muka faɗa sai na ji kamar raina zai fita, ina rungume da bayan kujerar direba, ina ta maimaita kalmar shahada.

A asibiti aka auna tansiyona ya yi ƙasa ƙwarai, zuciya kuma tana gudu. Likitan ya ɗora abin sauraro a ƙirjina, ya matsar, ya sake matsarwa, ya ce yana jin bugun daga nesa kamar daga cikin rijiya. Ya tambaye ni, "Malama, kortizon nawa kike sha a rana?" Na ce biyu. Ya yi shiru yana kallona. Maigida na tsaye a kaina. Kunya da tsoro suka haɗu mini, hawaye suka zubo, na ce, "Likita, takwas ne. Yau kwana tara ke nan da na ƙara." Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Kin kyauta da kika faɗa, wannan zai taimake mu." Maigida kuwa bai ce uffan ba, ya juya ya fuskanci bango.

Aka turo na'urar eko. Na ga zuciyata a allon, 'yar ƙarama tana lilo a tsakiyar wani baƙin fili. Likita ya ce wannan baƙin duk ruwa ne. A ƙa'ida ruwan da ke cikin rigar zuciya bai wuce mililita 15 zuwa 50 ba, ko ƙaramin kofin shayi bai cika ba, aikinsa kawai ya hana gogayya. Nawa ya taru har ya matse zuciyar, ta kasa buɗewa ta karɓi jini, shi ya sa jinin ya koma ya cika jijiyoyin wuya. Ya ce ba za a jira safe ba.

Aka jingina ni, aka wanke ƙasan ƙashin ƙirjina da jan magani, aka yi allurar kashe zafi, sannan aka shigar da wata doguwar allura ta nan, idona biyu. Na ji nauyi da turi, ban ji zafi sosai ba. Da likitan ya ja sirinji sai na ga ya dubi ma'aikaciyar jinyar da ke taimaka masa, ita ma ta dube shi. Suna sa ran ruwa garai-garai mai ɗan rawaya, irin wanda lupus ke tarawa. Abin da ya fito mugunya ce, mai kauri. Sirinji bayan sirinji suna zubawa a kwano. Tun kafin su gama na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ƙirji, na ja numfashi har ƙasa, karo na farko cikin kwanaki. Suka bar siririn tiyo a wurin, suka ɗebi jini a kwalabe don shuka, sannan aka sa mini antibiyotik ta jijiya a daren.

An fara neman tarin fuka, domin a ƙasashenmu shi ne kan gaba wajen tara ruwa a rigar zuciya. Gwajin bai nuna shi ba. Bayan kwana 3 labo ta kawo amsa: ƙwayar bakteriya ce mai suna stafilokok. Likita ya ce wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce, tana zaune a fata da cikin hancin kusan mutum ɗaya cikin uku ba tare da ta yi musu komai ba, kuma ita ce ke kawo yawancin maruru. Ya tambaye ni ko na yi wani ƙurji ko rauni kwanan baya. Sai a lokacin na ɗaga hannu na nuna masa ɗan tabon hammata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar ta bi jini, ta tarar da garkuwar da magunguna suka riga suka kwantar, ta sami rigar zuciyar da ta taɓa kumbura, ta zauna. Ni kuma na ƙara mata fili da ƙwaya 8.

Na tambaye shi yadda mutum zai bambanta, tunda sukan iri ɗaya ne. Ya ce daga jin jiki kaɗai ba a bambantawa, shi kansa ba zai iya ba sai da gwaji. Akwai awon jini da ake kira CRP, wanda sau da yawa ba ya hawa sosai in lupus ne kaɗai ya motsa, amma yakan yi sama in bakteriya ta shiga, ko da yake kumburin rigar zuciya na lupus ma yana iya ɗaga shi. Shi ya sa ake haɗawa da shukar jini da duban ruwan kansa. Ya ce kumburin rigar zuciya sananne ne ga masu lupus, amma taruwar mugunya a cikinta abu ne da ba a cika gani ba, kuma in ba a zuƙe ta ba kisa take yi. Maganin ɗayan kuwa, wato ƙara kortizon, shi ne abincin ɗayan.

Na zaci an gama, ashe da saura. Mugunyar ta yi kauri ta rarrabu aljihu-aljihu, tiyon ya toshe, zazzaɓi ya dawo. Aka ce sai an yi aiki an buɗe ƙaramar taga a rigar zuciyar an wanke. Da a wata shekara ce da Katsina ko Kano za mu nufa, ga su nan kusa, amma iyaka a rufe take. Sai Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Innata ta sayar da tumakinta biyu da 'yan kunnen zinariyar da ta ajiye tun aurenta. Malaman makarantarmu suka ba ni ɗaukar adashen da ba nawa ba ne. Maigida ya sayar da babur ɗinsa. Da na fara kuka ina cewa ni na jawo musu, Inna ta dafa kaina ta ce, "Ke dai yi shiru, 'yar nan. Tunkiya ana sake saye." Wannan lissafin da na yi a bakin gado don na tsimi kuɗin analiz, ga inda ya kai mu.

Gidan Rumji, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, duk a zaune na wuce su cikin motar asibiti, robar ƙarin ruwa tana lilo a kaina. A daren da za a shiga da ni aiki na kira maigida na yi masa wasiyya. Na faɗi bashin da ake bina da wanda nake bi, na roƙe shi kada ya raba yaran, na nemi gafararsa kan ɓoyewar da na yi. Ya ce ya yafe tun a daren farko, abin da ya yi masa ciwo shi ne na ga halin da yake ciki har na zaɓi in yi shiru. Ya ce, "Da kin faɗa mini, ko rigata ce sai in sayar." Wannan magana ta fi allurar ƙirji shiga.

Aikin ya yi kyau, alhamdu lillahi. Likitar zuciya ta can ta daɗe tana duba ƙofofin cikin zuciyata da eko, har na tambaye ta abin da take nema. Ta ce lupus kan sa wasu 'yan tsiro su fito a kan waɗannan ƙofofi, abin da wasu likitoci biyu na Amurka, Libman da Sacks, suka bayyana tun 1924. Tsiron da kansa ba shi da ƙwayar cuta, amma in bakteriya na yawo a jini takan sami wurin maƙalewa a kansa, ta cinye ƙofar. Nawa ƙofofin Allah Ya tsare su.

Mako 6 na yi ana ba ni antibiyotik ta jijiya. Jijiyoyin hannuna suka ƙare, aka koma bayan tafi, aka koma ƙafa. An dakatar da Imurel, an bar Plaquenil. Kortizon ɗin da na tsana a lokacin, na roƙa a cire mini shi gaba ɗaya, aka ce ba zai yiwu ba: jikin da ya daɗe yana karɓarsa ya rage yin nasa, in aka yanke farat ɗaya mutum na iya faɗuwa. Aka riƙa saukar da shi kaɗan-kaɗan, likitoci na auna tsakanin kada lupus ya farka da kada ƙwayar ta sake samun ƙarfi. Dare ya fi yi mini tsawo. Ɗana ƙarami yakan karɓi waya ya tambaye ni ko gobe zan dawo, kullum ina ce masa in sha Allahu.

Na dawo Maradi da sanyin hunturu ya fara shigowa, na rame, ga tabo ɗan tsawon yatsa a ƙasan ƙirji. Sai watan Janairu na koma aji. Har yanzu ina zuwa eko lokaci-lokaci, domin an gaya mini rigar zuciyar da ta taɓa yin mugunya tana iya yin tauri daga baya ta ɗaure zuciya, don haka ina lura da kumburin ƙafa da na ciki. Na sayi ma'aunin zafin jiki, yana cikin jakata tare da alli. In ya nuna 38 ba na jiran gobe, in ma bai kai ba amma jikina ya ce akwai wani abu, ina tafiya, tunda na san kortizon na ɓoye zazzaɓi. Ƙurji ko ciwon haƙori ba na taɓa su da hannuna. Kwalin magani kuma a gaban maigida yake zama, shi ke ƙirga mini duk safiya, ni na roƙe shi ya riƙa yi.

Baiwar Allahn nan ta layin likita, na matsa kusa da ita na yi mata sallama. Yarinya ce, ba ta wuce shekara 25 ba, daga wajen Tibiri ta zo, da goyo a bayanta. Na ba ta labarin nan a taƙaice, na ja ta gefe na ɗaga mata rigata ta ga tabon. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "To Yaya, in babu kuɗin analiz ɗin fa?" Na ce mata na san wannan tambaya, ni ma ita na yi wa kaina a bakin gado, kuma abin da na biya daga baya ya ninka shi ba adadi. Na ce ko ba ta da ko dala, ta zo ta faɗa wa likita gaskiya, a san abin da za a fara da shi.

Da aka kira ta sai ta riƙo gefen hijabina ta ce in raka ta. Muka shiga tare. Likita ya buɗe karnenta, ya tambaye ta kortizon nawa take sha a rana. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ce, "An rubuta mini biyu. Huɗu nake sha, yau kwana shida." Likitan ya ajiye biro, ya jawo ma'aunin zafi.